Kafin mai awo ya iso: yadda ƙauye zai tsare haƙƙinsa na ƙasa a Sinnar, Gadarif da Nilul Azraƙ

Mafi yawan gonakin da Hausawa ke nomawa a Sudan, daga Mai Wurno zuwa ƙauyukan Rusairis, daga bakin kogin Dindir da na Rahad zuwa karkarar Gadarif, ba su da rajista da sunan masu noman su. Mutum ya gada wurin ubansa, uban ya gada wurin kaka, shehun gari ya sani, maƙwabta sun shaida, amma a littafin hukuma ƙasar ta gwamnati ce. Wanda bai gane wannan ba zai je ofis yana kirga kakanninsa, a saurare shi da ladabi, a sallame shi hannu Rabbana.

Ga yadda abin ya samo asali. Dokar rajistar ƙasa ta 1925 ce ta kafa littafin rajista, amma awon da aka yi a ƙarƙashinta ya fi tsayawa a birane da bakin Nilu da Jazira. A watan Afrilun 1970, zamanin Numairi, aka fito da dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba kafin ranar ta zama mallakar gwamnati. A 1971 aka rusa mulkin gargajiya, wato idara ahaliyya, wadda daga baya aka maido ta da ƙarfin da bai kai na da ba. Dokar mu'amalolin farar hula ta 1984 ta soke ta 1970, sai dai ta bar ginshiƙinta a tsaye: ƙasa ta Allah ce, gwamnati ce mai riƙon ta. Abin da ta bar wa talaka shi ne manfa'a, wato haƙƙin cin moriyar ƙasar da ya raya da noma ko gini ko rijiya. Gyare-gyaren da aka yi mata a farkon shekarun 1990 kuma suka hana kotu sauraron ƙarar da ke ja da gwamnati a kan mallakar irin wannan ƙasa.

Saboda haka kalmar da za ku riƙe ita ce manfa'a. Kada ku rubuta a takardar koke cewa ƙasar mallakarku ce, sai fa idan kuna da rajistar milk hur, wato cikakkiyar mallaka, daga kafin 1970, domin da wannan kalma kaɗai jami'i zai iya ture takardar gefe. Ku rubuta cewa kuna da hiyaza, wato riƙon ƙasar a hannunku, da manfa'a tun shekara kaza, ga shaida, kuna neman a tabbatar muku, ko a fitar da gonakinku daga cikin filin da za a bayar, ko a biya ku diyya cikakkiya. Ita kuwa manfa'a da aiki da shaida ake tabbatar da ita, kuma shaidar tun ana zaman lafiya ake tara ta.

Fara da tambayar rajista

Kafin taro, kafin tara kuɗi, a tura mutum biyu ofishin rajistar ƙasa, wanda a Sudan yana ƙarƙashin hukumar shari'a ne, su nemi shahadat bahas, takardar da ke nuna sunan wanda aka rubuta wa fili. Ana neman ta da lambar fili da ta murabba'i ko saƙiya, wato yankin da filin yake a littafin rajista, don haka idan ba ku san lambar ba, ofishin misaha, wato na awon ƙasa, za ku fara zuwa a duba muku taswira. Daga nan a leƙa ma'aikatar noma ta wilaya, wato jiha, a tambayi abu ɗaya: wannan yanki yana cikin tsarin masharu'an (manyan gonakin) noman injina ne ko yana wajensa? Tun da aka kafa hukumar noman injina a 1968 ake yanka filaye masu faddan 1000 zuwa 1500 ana ba da su haya, galibi na shekara 25. Ƙauyuka da yawa sun wayi gari sun ga tarakta a bildat ɗinsu, wato gonakinsu na damina, alhali takardar filin ta fita shekaru kafin nan ba su sani ba. Idan haya ce tsohuwa, ku nemi ranar da za ta ƙare, domin lokacin sabunta ta shi ne lokacin da ya fi sauƙin neman a yanke muku rabonku.

Duk kuɗin da kuka biya a ofis ku karɓi rasit na hukuma, Urnik 15. Kuɗin da aka karɓa ba tare da shi ba bai shiga ko'ina ba.

Kwamiti, da iyakar ikonsa

A kira taron gari a fili, bayan sallar Juma'a ko a ranar da ba kasuwa. A zaɓi mutum bakwai ko tara. Shehun gari da liman suna ciki, amma kada su zama su kaɗai: a sa mai noman jarf (gonar bakin kogi da ake shukawa bayan ruwa ya janye), mai bildat, mai dabbobi, saurayin da ya iya waya da rubutun Larabci, da mace aƙalla ɗaya daga cikin masu noma da hannunsu, domin gonakin zawarawa da na marayu su ne ake fara mantawa da su a lissafi. A rubuta mahadar, wato bayanin taron, da Larabci, da kwanan wata, da sunayen mahalarta, da raƙam watani (lambar shaidar ɗan ƙasa) na kowa, da sa hannu ko dangwale.

A cikin mahadar ɗin a rubuta sharaɗi guda ƙarara: ba wanda ke da ikon sa hannu a kan sayarwa, haya ko sallama ƙasa da sunan gari sai an dawo taro. Filaye da yawa da ƙauyuka suka rasa ba da bindiga aka ƙwace su ba. Wakili ɗaya aka kira birni, aka karrama shi, aka miƙa masa takardar da ke cewa ba wata jayayya a kan filin, ya sa hannu yana zaton rajistar halarta ce. Wannan takarda, shahadat khulu niza, ita ce mabuɗin da mai zuba jari ke nema, kuma da zarar ta shiga fayil, fitar da ita sai an sha wuya. Idan za a ba lauya ko wakili taukil, wato takardar wakilci, a ƙayyade aikin da aka wakilta shi a kai da ranar ƙarewarsa.

Wanda ba shi da raƙam watani ya fara da neman sa tun yanzu. Sunan da ba shi da lamba yakan faɗi daga jerin masu diyya, kuma kowa ya san yadda ake wahalar da wasu Hausawa da tambayar asali a wurin fitar da takardu, ko da an haifi kakanninsu a nan. Abin yana cin lokaci, shi ya sa ba a barin sa sai ranar buƙata.

Taka iyaka da ƙafa

Nan ne aikin yake, kuma lokacinsa rani ne, bayan an kwashe dawa da riɗi, sa'ad da ƙasar laka ta bushe ana iya takawa. Ana bukatar waya biyu masu GPS, littafi mai ɗaurarren bango wanda ba a yage masa shafi, igiya mai tsawon mita 50 ko tef ɗin awo, fenti, da dattawan da suka san tarihin kowace kusurwa.

Faddan ɗaya murabba'in mita 4200 ne, kamar fili mai mita 60 a faɗi da 70 a tsawo. Ana raba shi ƙirat 24, kowane ƙirat murabba'in mita 175. A kowace kusurwar gona a tsaya a sarari, ba a gindin itace ba, a bar waya ta yi kamar minti ɗaya kafin a rubuta lambobin. Wayar hannu takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar ko da sama a buɗe take. A babbar bildat wannan ba komai ba ne, amma a jarf mai faɗin mita goma sha biyar kuskuren na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na gonar. Saboda haka a jarf a dogara da igiya, a auna faɗin kowane mutum ta bakin gaɓa, daga alamar da ba ta motsi: tsohon itace, gindin famfo, ko dutsen da aka kafa da siminti a inda ambaliya ba ta kai wa.

Akwai tarkon da ko masu ilimi ke faɗawa. Lambobin waya suna bin ma'aunin WGS 84, tsofaffin taswirorin misaha na Sudan kuwa an zana su a kan ma'aunin Adindan. Idan aka ɗora lambar wannan a kan taswirar wancan ba tare da juyawa ba, iyaka na iya gocewa da gomman mitoci ko fiye, har a ce gonarku tana cikin mashru'in wani. Ku rubuta a saman kowane shafi cewa lambobin na WGS 84 ne, kuma ku tambayi mai awo a kan wanne yake aiki.

Kowace gona ta samu shafinta: sunan mai ita har kaka na uku, yadda ya same ta (gado, saye, kyauta, ko shehu ne ya yanka masa daji ya sare), shekarar da aka fara noman ta, maƙwabtanta na gabas da yamma da kudu da arewa, abin da ake shukawa, da adadin itatuwa. Maƙwabta biyu su sa hannu. Idan gonar gado ce da ba a raba ba, a rubuta sunayen magada duka, maza da mata, kada a bar ta da sunan babban wa kawai. Idan aro ce ko haya ko noman raba-daidai, a faɗi haka; ɓoye shi yau shi ne shari'ar 'ya'ya gobe.

Saura kuma, wato gonar da aka bari ta huta, ita ce mafi haɗari. Mai awo yana rubuta abin da idonsa ya gani, idan ya ga ciyawa da ƙaya zai rubuta fili ne ba kowa. Ku sa mata alama, ku rubuta shekarar da aka bar ta da dalili. Idan akwai dakwara a ciki, wadda ake kira hashab, ana tsaga ta ana ɗiban ƙaro, to wannan gona ce mai aiki, a ƙirga itatuwan a ɗauki hoto da tabon tsagar a jikinsu.

Bayan gonakin mutane sai na jama'a, waɗanda ba su da mai tsaya musu saboda na kowa ne: haramin gari inda za a yi gidajen gobe, maƙabarta, hafir (tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama) da hanyar da ruwa ke bi ya cika shi, mashayar dabbobi, wurin itacen girki, da burtalin da makiyaya ke bi, wanda ake ce wa masar ko murhal. Hafir ba ramin kaɗai ba ne. Idan aka ba da filin da ke zubo masa ruwa aka yi masa kunya da tarakta, ramin zai zauna a bushe ko da an bar muku shi.

Tsofaffin takardu su ma shaida ne: rasit ɗin zakkar amfanin gona, na haraji, takardar bashin salam (wanda ake biya da amfanin gona bayan girbi) daga bankin manoma, izinin kafa famfo, hukuncin wata tsohuwar judiyya, wato sulhun dattawa. A kwamfuta, Google Earth yana nuna hotunan sama na shekarun baya, inda ake ganin kunyoyi da shinge a wurin da wani zai ce daji ne. A buga su da kwanan watansu.

Maƙwabta kafin hukuma

Kada littafin ya tafi ofis sai ƙauyukan da kuke iyaka da su sun taka iyakar tare da ku, haka ma shugabannin makiyayan da ke ratsa yankin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai neman fili ya fi kowa sanin inda tsagar take. Burtali musamman: manomin da ya ci mita goma daga gefensa yana ganin ya ƙaru, amma ya ba da hujjar da za a ce ƙauyen ne ke ta da fitina, ya kuma mai da makiyayi abokin gaba alhali shi ma filin nan ne abincinsa. Dokar makiyaya ta 2015 ta hana toshe burtali, kuma tana aiki a kan mai mashru'i kamar yadda take aiki a kanku.

A Nilul Azraƙ akwai abin da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Rikicin Yulin 2022 da na Oktoban shekarar a yankin Wad al-Mahi, wanda ya ci rayuka da yawa ya raba dubban mutane da gidajensu, ya taso ne a inda maganar ƙasa ta haɗu da maganar sarauta. A ganinmu, takardar gona daban, neman sarauta daban. Littafin da muke bayani a kai yana tabbatar da wanda ke noma ina, tun yaushe. Ba ya cewa dar ɗin, wato yankin, na wace ƙabila ne. Idan aka cakuɗa su, basaraken gargajiya, umda ko mak, da zai iya sa muku hatimi cikin sauƙi zai janye hannunsa, domin zai ga kujerarsa ake nema. A kai masa littafin da girmamawa, a nemi hatiminsa bayan na shehu, sannan wahda idariyya (gundumar mulki), sannan mahalliyya (ƙaramar hukuma). Daga nan a nemi misaha ta fito ta yi kuruki, wato zanen fili na hukuma, a nemi shahadar hiyaza. Ranar da mai awo zai fito, kwamiti ya kasance a filin tun safe da littafinsa.

Daji yana da tasa ƙofar. Dokokin gandun daji na 1989 da 2002 sun yarda ƙauye ya yi rajistar dajin jama'a, ghaba sha'abiyya, ta hannun hukumar gandun daji ta ƙasa. Filin kiwo da itace da ba za a taɓa ba ku shi a matsayin gona ba, ana iya tsare shi ta wannan hanya. Dokar kuma ta wajabta wa masu masharu'ai barin kashi 10 cikin ɗari na filin noman damina da kashi 5 na filin ban-ruwa a ƙarƙashin itatuwa. Kaɗan ne ke cikawa, kuma wannan makami ne a hannunku ranar da ake zaman sabunta haya.

Idan takarda ta riga ta fito

In kun ji an ba da filinku, ko kun ga an kafa duwatsu, ku rubuta ranar da kuka sani, domin daga nan lissafi ke farawa. Kada ku tumɓuke duwatsun, kada ku taɓa tarakta. Wannan ne ke mai da maganar ƙasa ta koma ƙarar laifi, a kulle shugabanninku a daidai lokacin da ake bukatar su. Ku nemi kwafin shawarar da lambarta. Ku kai tazallum, wato koke, a rubuce ga wanda ya fitar da ita ko na sama da shi, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Dokar shari'ar gudanarwa ta 2005 ta ba da kwana 60 don ƙalubalantar shawarar hukuma a kotu. Ƙauyuka kan ɓata waɗannan kwanaki suna jiran alkawarin wani babba da ya ce a bar masa maganar. A ci gaba da judiyya da ajawid, wato dattawa masu sulhu, ba laifi, amma lauya ya shigar da takarda kafin wa'adi ya cika.

Idan gwamnati ce ke karɓar filin don amfanin jama'a, dokar 1930 ta karɓar ƙasa ce ke aiki, kuma maganar ta koma ta ƙirga da kimantawa. Mutanen da aka tayar lokacin ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka kammala a 2013, sun san cewa gida ana iya gina wani, amma jarf ba a ƙera shi. Saboda haka kada a karɓi lissafin faddan da faddan. Faddan ɗaya na bakin kogi da ke ba da albasa, tumatir da kuɓewa a rani ba daidai yake da faddan na tudu mai jiran ruwan sama ba. A ƙirga mangwaro, lemo, gwaiba da ayaba ɗaya bayan ɗaya, da shekarunsu, a ware masu 'ya'ya da ƙanana. A sa rijiya, famfo, bututu, shinge, wurin toya bulo da mashigar jirgin masunta. Kada kowa ya sa hannu a fom ɗin ƙirga da ba a cike ba, ko wanda aka cike da fensir. Masu jarf su riƙa rubuta inda ruwa ya tsaya kowace shekara, domin tun da Habasha ta fara tara ruwa a madatsarta ta Nahda a Yulin 2020 yanayin cikar kogin da janyewarsa ya sauya, kuma filin da ruwa ya daina rufewa zai samu masu kwaɗayinsa.

In kuwa sulhu za a yi da mai zuba jari, alkawarin baki na makaranta da asibiti ba ya cikin lissafi. A rubuta iyaka da lambobinta, shekarun yarjejeniya, faɗin hanyar da za a bari zuwa kogi da hafir, ranar da za a saki dabbobi su ci karan bayan girbi da ko kyauta ne ko da kuɗi, da abin da zai faru idan ya saɓa ko ya sayar wa wani. Kowane aiki da ya yi alkawari a sa masa girma da wata: aji nawa, rijiya mai zurfin mita nawa, wa zai sayi man injin. A sa sharaɗin feshi. Maganin ciyawa na 2,4-D da ake fesa wa dawa yana bin iska, yana nannaɗe ganyen riɗi, auduga da kuɓewa a gonakin da ke gefe, don haka a ƙayyade tazara, a hana feshi ranar iska, a wajabta sanarwa kafin a fara. Idan ɓarna ta auku, a kira jami'in gona ya rubuta rahoto cikin kwana biyu ko uku, tun alamar tana jikin ganye. Lauya mai tausiƙi, wato mai izinin tabbatar da takardu, ya tabbatar da yarjejeniyar, mahalliyya ta sa hannu a matsayin shaida.

Inda maganar ta zinariya ce, kamar wajen Kurmuk da Gaisan, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne ko gonar ta wa ce, amma wannan bai ba kowa izinin zuba guba a ruwanku ba. Ku nemi ganin lasisin da iyakarsa, da rahoton nazarin muhalli da dokar 2001 ta wajabta. Injin niƙa da kwatamin wanke karta (ragowar niƙaƙƙen dutsen zinariya), inda ake aiki da zaiba ko sayanaid, kada su zauna a saman khor ɗin, wato rafin, da ke cika hafir. A ɗebi ruwan rijiya a kai gwaji kafin su fara aiki, domin in ba sakamakon farko, ba yadda za a nuna cewa su ne suka ɓata shi.

Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wani nauyi. Ofisoshi sun ƙone, fayiloli sun watse, mutanen Sinja, Dindir da Suki da yawa sun bar gonakinsu a daminar 2024. Littafin gari ya zama kwafi uku: ɗaya wurin shehu, ɗaya wurin wani amintacce a wata wilaya, ɗaya kuma hotuna shafi-shafi da aka tura wa 'yan gari da ke Jidda ko Makka su ajiye. Wanda ya dawo ya tarar wani ya shuka gonarsa kada ya tuge shukar. A kira shehu da shaidu biyu, a rubuta cewa mai shukar zai kwashe amfaninsa na bana ya fita, ko ya zauna a matsayin ɗan haya da sharaɗi bayyananne, ya sa hannu cewa gonar ba tasa ba ce, a sa kwanan wata, a ƙara takardar a shafin gonar.